Kaka da Allunan Hanyar Asibiti

Zuwa ga angona, Sarkin Tuƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na wurin gina madatsar ruwa, da ƙatuwar motar nan da kake ja kana hura hanci. Ni lafiyata ƙalau, in ka cire gwiwar hagu da ke yi mini tsegumi duk sanda hadari ya haɗo. Innarka Auta ma lafiya, sai nauyi. Ciki ne ke gaba, ita tana biye.

Ga abin da ya sa na nemi bairo. Ka san an tura mijin Auta kwas, ba zai dawo ba sai bayan ta sauka. Ka kuma san abin da ya faru wancan karon, da aka yi mata aiki muka dawo gida hannu rabbana. Shi ya sa likita ya ja mana kunne: ranar da ciwo ya fara, kada a tsaya shan shayi, a kawo ta babban asibiti. Gidajen ma'aikatan nan kuwa a bayan gari suke, kan tudu. Da hantsi ya yi kowa ya tafi aiki, sai ni da Auta da wata tsohuwa maƙwabciya da ba na jin yarenta. Da haƙora muke gaisawa, ita ma ɗin saura biyu gare ta.

To wa zai kai Auta asibiti? Ni. Rufe bakinka kada ƙuda ya shiga. Tun kana tsumman goyo nake jan akori-kurar kakanka marigayi daga gona zuwa kasuwa, lasina kuma da ransa. Surukina ya bar mini makulli. Motar tasa ba ta da kuloci, ƙafata ta hagu ta koma zaman kashe wando, amma mun fara sabawa da juna.

Hanyar ce ta ɗaure mini kai. A wurinmu hanya ba ta magana. Ka san kwana da bishiyar da ke kanta, ka san kowane rami kamar ɗan'uwanka. Nan kuwa taku kaɗan allo, taku kaɗan allo, wasu ba rubutu sai zane, masu rubutun kuma da yarensu. Baƙo ko da ido makaho ne, balle ni da boko ya sallama tun ina aji huɗu.

Kada ka ce in tambayi Auta. Ita ko keke ba ta taɓa hawa ba, kuma na riga na cika mata baki cewa allunan nan kamar ni na kafa su. Jininta na hawa, likita ya ce kada a tayar mata da hankali. In ta ji direbanta lalube yake yi, ai ka san sauran.

Juya takardar, na zana maka su a baya. Abin da ke ciki kawai na zana, ƙawar da suka yi musu a gefe na bar musu abinsu, ba ni da lokacin ado. Akwai mota ita kaɗai a zaune. Akwai kibiya da ta lanƙwasa hagu. Akwai wata dabba mai ƙaho tana tsalle, na duba ko nama ake sayarwa a wurin, ban ga mahauci ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai mutumin nan ne mai shebur da tulin ƙasa a gabansa. Kabari yake haƙa? In maƙabarta ce a gaba ka faɗa mini, in riƙa yin sallama.

Na san dajinku ba sabis, sai ka hau dutse. Ka ba mai motar kayan abincinku amsa ya jefa a gidan waya. Kada ka yi nawa irin na auren da kake ta yi mini alkawari.

Amaryarka da ka bari a hannun baƙi,
Kaka

*

Zuwa ga Kaka, amaryar da ta ƙi tsufa,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, aiki da godiya. Ki gaida Inna Auta, ki kuma gaida gwiwar. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, motar kayan abinci ta lalace, jiya ta iso.

Kaka, zanenki ya tara mana jama'a a ɗaki. Dabbar nan wani ya ce akuya ce, wani ya ce kujera ce aka kifa. Daga ƙarshe muka yarda barewa ce. Nufinsu namun daji na tsallaka titi a wurin, ki rage gudu. Mai shebur ba kabari yake haƙa ba, gyaran hanya ake yi. Ki ajiye sallamarki.

Kibiyar da ta lanƙwasa, ana nuna miki inda za ki bi ne, ki karya hagu. Motar da ke zaune ita kaɗai kuma, hanyar motoci ce zalla, ba keke ba amalanke. Ki shiga abinki.

Yanzu bari in yi maganar da ba ta wasa ba. Na san kin iya tuƙi, a cinyarki na fara riƙe sitiyari. Amma hanyar gona daban, garin mutane daban. Ba a samun tasi a unguwar? Ko motar asibiti? Ki nemi wanda za a kira, ki ajiye makullin nan a ƙarƙashin filo. In kin ƙi, kuma na san za ki ƙi, to ki riƙa bin hanyar asibitin kullum da safe ke kaɗai, har ƙafarki ta haddace ta.

Maganar aure kuma, in dai za ki daina satar mini nama a kwano, a sa rana.

Jikanki mai ƙaunarki

*

Zuwa ga Sarkin Tuƙi, wanda na tuɓe wa rawani,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kuma ba da taimakonka ba. Ƙafafun Auta sun ɗan kumbura, an ce ba komai. Ina fatan kana lafiya, don ina son in same ka da ƙarfinka ranar da zan ja kunnenka.

Tasi da kake faɗa, na gwada. Da yarensu ake kira, mutumin ya zo bayan har mun manta mun kira shi. Motar asibiti kuma daga can asibitin za ta taso, zuwa da komawa ke nan. Makulli na nan a bakin zanena.

Na bi karatunka tiryan-tiryan. Na ga allon mota zaune, na ce bismillah, jikana ya ce hanyarmu ce. Na shiga. Na ji kwalta ta ƙare, an shimfiɗa wasu duwatsu masu kyau kamar tsakar gidan mai kuɗi. Na ce kai, mutanen nan suna girmama mota. Sai ga laima, sai ga tebura, sai ga masu takalma da masu furanni, kowa ya saki baki yana kallona. Ashe tsakiyar kasuwa nake. Madubin motar ya ture wani dogon mutum mai kwat a ƙofar shago, ya faɗi ƙasa tim, ko motsi bai yi ba. Na fito ina salati, na durƙusa ina "sannu bawan Allah, sannu". Sai hannunsa ya cire ya biyo ni. Mutum-mutumin shagon tufafi ne. Wata mai furanni ta yi dariya har ta zauna a cikin bokitinta.

Ɗan sanda ya zo, siriri kamar tsinke. Ya taka da ni har gindin allon, ya ɗaga yatsa yana zagaya gefensa, yana zagayawa yana magana. Na ce masa eh, na gani, fentin ya yi kyau, Allah ya saka wa wanda ya shafa. Ya sake zagayawa. Na sake yabawa. Sai ya dafe kai, ya dubi furfurata, ya karɓi makulli ya fitar mini da motar da kansa. Har yau ban san abin da yake so in ce game da fentin ba.

Kibiyarka ma na bi ta. Ina karya hagu sai ga motocin duniya sun fuskanto ni, kowa na danna hon yana ɗaga mini hannu. Mutanen garin nan akwai gaisuwa. Ni ma na ɗaga musu.

Duk da haka na gano asibitin. Hanya biyu ce. Ta tudu, surukina ya ce zagaye ce mai nisa, duk kwana-kwana, ban taɓa bin ta ba. Ta rafi ita nake bi. Gangara ce, a ƙasanta wata 'yar gada a kwance, siminti kawai aka shimfiɗa ba ƙarfe a gefe, ruwa na bi ta ƙarƙashi. Kana haurawa ga asibiti, tun daga wannan gaɓar ma kana hango rufinsa.

Sai dai akwai wani allo kafin gangaren da ya hana ni sukuni. Kullum faranti ne fari fat, ba komai a jikinsa. Ranar da aka kwana ana ruwa, da safe na gan shi da zane. Da la'asar na koma, wayam. Na goge tabarau, wayam. Ko idona ne, ko aljanun garin nan ma suna da ma'aikatar hanya, ban sani ba. Na zana maka abin da na gani: mota ce a kan kunyoyi, irin na gona in an yi huɗa. Wa ke hawa kunya da mota? In hanyar ta taɓa zama gonar wani ne kuma yana neman abinsa, ai sai a yi magana a fili.

Ka yi karatun nan da kyau. In ka sake jefa ni kasuwa, na fasa auren.

Kaka

*

Kaka,

Assalamu alaikum, ina fatan kuna lafiya ke da Inna Auta. Ni ma lafiya, sai dai na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Kaka, abin da kika kira ado, shi ne maganar gaba ɗaya! Ɗan sandan ba yabon fenti yake nema ba. Jan zobe yake nuna miki. Duk abin da aka zana a cikin jan zobe, an hana shi ne. Mota a jan zobe, mota ba ta shiga. Kibiya a jan zobe, kada a karya nan. Da shuɗi ne, da abin da na faɗa miki ya yi daidai. Laifina ne da ban tambaye ki launi ba, na ga bairo shuɗi na ɗauka komai shuɗi ne. Ki yaga wasiƙata ta farko.

Ki riƙe wannan ko da za ki manta sunana: ja, kada ki bi. In kin ga ja, ki tsaya ki nemi wata hanya.

Allon da ke ɓuya kuma, gaskiya ban taɓa ganin irinsa ba, kowane yanki da nasa. Amma mota a kan kunyoyi, a sanina, gargada ce, wato hanya ba ta da sumul. Ba hani ba ne. Ki rage gudu ki wuce a hankali, saboda cikin Inna Auta. Ɓacewar tasa wataƙila iska ce ke juya farantin, kina ganin bayansa. Ki dai rubuto mini launinsa.

Ki daina ɗaga wa masu hon hannu. Ba gaisuwa ba ce.

Jikanki

*

Angona,

Assalamu alaikum. Na maido maka da rawaninka, amma aro. Muna lafiya. Auta ba ta iya sunkuyawa yanzu, ni ke sa mata takalmi, tana cewa duniya juyi-juyi.

Ashe zoben ne malamin, abin cikin ɗalibi ne. To me ya hana su rubuta haka a jikin allon? Yanzu in na hango ja tun daga nesa nake kawar da kai, kamar na ga surukina.

Launin mai ɓuya: rawaya ne, zanen baƙi, ko ɗigon ja babu. Ka ga halas ne ke nan a karatunka. Ba iska ba ce kuma, na tsaya na girgiza shi, ko gezau. Ya ma daina ɓuya, kwana biyun nan kullum a buɗe yake. Ina jin ya saba da ni ne.

Gargadar da ka ce ban gan ta ba, hanyar sumul take. Amma na bi umarninka, a hankali nake wucewa. Jiya ruwa ya ɗan hau kan simintin, ya wanke mini tayoyi kyauta. Akwai wata sanda a bakin gadar mai zane-zane kamar awon tela, ita ma ban san aikinta ba, ko ta ɗaure awaki ce. A nan yayyafi kawai ake yi, can kan duwatsu ne sama ta yi baƙi ƙirin ba ta washewa. Iska ta kayar da wani ƙarfen sabis, wayoyin unguwar duk sun zama kurame.

Likita ya ce ko yau ko gobe. Jaka na bakin ƙofa, mota ta sha mai, hancinta na kallon titi. Hanyar rafi na haddace ta kamar Fatiha. Ka yi mana addu'a.

Kakarka

*

Kaka, KADA KI BI HANYAR RAFI.

Ba kunyoyi ba ne, ruwa ne. Mai tankar ruwanmu ya taɓa aiki a yankinku, ya ga zanenki a kan gadona. Ya ce allon naɗe shi ake yi kamar littafi. Ma'aikatan hanya ne ke buɗe shi in an yi ruwa a kan duwatsu, su rufe in rafi ya sauka. In a buɗe yake, ambaliya na tafe ko ta riga ta zo. Sandar nan ta auna zurfin ruwa ce. Ya ce rafin kan cika cikin ƙiftawar ido ko da ba a yi ɗigo a gari ba, kuma ya ga ya tafi da motar da ta fi taki.

Ni na ce miki ki wuce a hankali. Ki manta da shi. Ki bi ta tudu ko da za ta kai ku gobe, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Yau ɗin nan ki je ki koye ta.

Na hau dutse na kira wayarki, na kira ta Inna Auta, na kira ta mijinta, ba wadda ta shiga. Na ba wani mai babur wannan ya kai gidan waya, ban jira motar kayan abinci ba.

*

Kaka,

Shiru. Kullum ina hawa dutsen. Na nemi izinin tafiya, shugabanmu ya ce sai an sami wanda zai karɓi motata. Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ko zane ne ma, ki zana duk abin da kika ga dama, ba zan yi dariya ba.

*

Zuwa ga jikana,

Assalamu alaikum, tunda kai ka manta yadda ake yin ta. Na so in ja maka rai har ƙarshen takarda, sai na karanta wasiƙarka ta ƙarshe, na fasa. To ji: Auta lafiya. 'Yarta lafiya, mace ce, da kunnuwa irin naka, Allah ya sa ta yi haƙuri. Sauke numfashi, sannan ka ci gaba.

Wasiƙunka biyu tare suka iso, yau, wani maƙwabci ya kawo mini su asibiti. Sun zo a kan kari, kamar laima bayan an ɗauke ruwa.

Washegarin ranar da na rubuto maka, da hantsi abin ya fara, ina wanke kofuna. Na kwantar da Auta a kujerar baya. Tsohuwar maƙwabciya ta fito tana ta nuna tudu da hannu biyu tana ihu. Na ce amin, amin, na gode, na ɗauka addu'a take mana.

Allon yana buɗe. Na rage gudu yadda malamina ya koya mini, na gangara. Sai na nemi gada na rasa. Gada ta tafi unguwa. Ruwa ne jajawur shimfiɗe daga nan har can, ga rufin asibiti ina gani kamar in miƙa hannu. Auta na nishi tana cewa, "Inna, ki wuce mana, ga shi can." Na ce a raina shekaranjiya ma na wuce, kuma yaron nan ya ce ba hani ba ne. Wallahi har na sa tayoyin gaba a ruwa.

Sai ga wata ƙofar ɗaki ta zo wucewa, sukutum da ita, da kaza a tsaye a kai. Ta dube ni, na dube ta. Kafin in ce wani abu sun yi nisa. Na waiga wurin sandar awaki, kanta kawai ya rage. Na dubi fuskar ruwan, yana tashi yana kwanciya, layi-layi. Kunyoyina ke nan. Ashe ba gona ba ce.

Ribas a kan gangare, a jiƙe, da wuyan da ba ya juyawa, kada Allah ya nuna maka. Da muka hau sama na ce, "Auta, zan gaya miki gaskiya. Hanyar tudu ban san ta ba. Allunan nan ma ban san ko ɗaya ba."

Ta ce, "Na sani, Inna. Tun ranar da kika dawo da furanni a maƙale a bayan mota. Ki dai tuƙa."

Na tuƙa. Kwana na bin kwana, hazo ya sauko, alluna na fitowa suna ɓacewa. Na ga dutse yana zubar da 'ya'yansa, na ga maciji ya miƙe tsaye, na ga wata mota tana rawa. Ban tsaya tambayar kowa ba, duk wanda na gani sai in ce masa na ji, in rage gudu. A baya kuwa nishin Auta ya canja, ya koma irin wanda na sani, wanda ba na son tunawa.

Sai hanya ta rabu biyu, kowane ɓangare da allonsa, kuma kowane allo da gado a jiki. Na dama shuɗi ne tas, gado da cokali. Na hagu gado ne da wata alama ja a samansa. Na tuna karatu: ja, kada ki bi. Na karya dama.

Auta ta ɗago kai ta ƙwalla ƙara, "Inna, ja! Bi jan!"

Na ce, "Jikana ya ce ko sunansa zan manta..."

Ta ce, "Jikanki ne zai haihu?"

Na bi jan. Ashe na dama masaukin baƙi ne. Yanzu don Allah ka warware mini: ja hani ne, ko asibiti ne? Rawaya da ba ta hana komai ita ta so cinye mu, ja da ke hana komai ita ta kai mu. Ni dai na bar wa masu garin abinsu.

A ƙofar asibiti na taka birki, ƙafar ta ƙi sauka daga kai. Ma'aikata suka rugo da keken marasa lafiya, suka ga tsohuwa ta sandare tana haki, suka sure ni suka ɗora. Ina ihu ina nuna baya, suna shafa mini kafaɗa suna gudu da ni. Sai da muka kusa ƙofar ciki wata nas ta ji muryar Auta daga mota. Ka ga yadda aka sauke ni kuwa? Ko buhu an fi lallaɓa shi.

Aiki aka sake yi mata. Wata nas mai ɗan jin maganarmu ta ce likita ya ce da mun ƙara jimawa, da wani labarin ake yi. Ban tambaye ta wane ba.

Kada ka ɗora wa kanka. Kai ka karanta abin da na zana, ni na zana abin da na gani. Ka gaida mai tankar ruwa, ka ce masa ina neman miji na biyu. Ka kuma bar hawa dutsen nan kafin ka karye, su ce ni ce.

Da aka fito da jaririyar, nas ta miƙo mini ita, yatsuna suka ƙi buɗewa. Har lokacin a naɗe suke yadda na riƙe sitiyari. Haka aka kwantar mini da ita a kan damtse. Ta buɗe baki ta tsala kuka, duk ɗakin ya ɗauka. Wancan karon shirun ne ya kore ni waje. Wannan karon na zauna, na ce mata ƙara, 'yar nan, ƙara, ban ji ba.

Je ka ci abinci.

Kaka